Yakuwar da Ta Zama 'Yar Jamus

Shekarar da kuɗin mai ya fara isowa Birnin Kudu, aka ƙara wa Malam Hadi girma a ofis, aka ba shi gida mai famfo a kwatas, unguwar ma'aikata. Gidan kwatas kuwa ba ya cika gida sai da fulawa a gabansa. Ba wanda ya kafa wannan doka, amma ba wanda ya taɓa karya ta.

Don haka wata rana Malam Hadi ya bi motar ofis zuwa Kano, ya dawo da 'yan itatuwa naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Matarsa Rahamatu ta buɗe, ta duba, ta yi masa godiyar asuwaki.

"Ba asuwaki ba ne," in ji shi. "Haibiskas ne. Reshe ake yanka a dasa, sai ya kama."

Mai lambun da ya ba shi ya gaya masa sunan kowanne da Turanci, amma kafin mota ta haye gadar Wudil sunayen sun zube. Malam Hadi bai damu ba. Da suka yi fure sai ya raɗa musu nasa. Ja mai faɗi, mai dogon harshe a tsakiya, ya zama ɗan Ingila. Mai ninki-ninki kamar ɗaurin ɗankwali ya zama ɗan Indiya. Akwai wani da furensa ke lilo, bakinsa a yayyage kamar ɓera ya ci, shi ne ɗan Misira. Kafin a ankara sunayen sun bi kwatas gida-gida, har ana gardama a kansu. Ƙa'idar dai ita ce, duk wanda ya fi nisan gari ya fi daraja.

Rahamatu 'yar Zandam ce, can ƙasar Gwaram. Da fartanya ta girma. Amma ta koyi zaman kwatas da sauri: ta koyi shan shayi da ɗan faranti a ƙarƙashin kofi, ta kuma koyi yin fuskar mamaki in an ambaci taki.

Farkon damina sai ga mahaifiyarta, Inna Barira, ta sauka daga motar kasuwa da ɗan ƙulli a bakin zane. Bayan ta sha ruwa ta kwance shi. Gurguzu ne, irin yakuwa, bai cika tafin hannu ba.

"Auta, kin gane shi?"

Rahamatu ta gane. Farar Abu ce. Kakarta Abu ce ta zo da ita Zandam tun ba a haifi Inna ba. Jikinta kore ne, ba ja irin na sauran yakuwa ba, ganyenta faɗi, tsaminta a hankali yake zuwa, kuma ba ta baƙanta miya. Duk 'yar gidansu da ta yi aure da ƙullinta take tafiya. Rahamatu ma an ba ta nata, ta manta shi a wani gidan haya.

"Farin nan da aka yi, rashin ruwan nan, ya cinye ta," in ji Inna. "Na shuka, ta ƙone. Na sake, ta ƙone. Na yayyenki ma haka. Wannan ne ragowar, a gindin tukunya na same shi. Ke kina da ruwan da ba ya jiran hadari. Ki riƙe min ita har ta ƙulla 'ya'ya su bushe. Da kaka zan zo in ɗebi iri."

Bayan gida duk siminti ne, Malam Hadi ya sa an daɓe. Ƙasa ɗaya da ta rage ita ce ta gaban gida, inda 'yan ƙasashen waje suke. Malam Hadi ya dubi surukarsa, ya ce ba komai, Inna, in dai a ƙarshen layi ne. Inna ta durƙusa ta shuka da yatsa, duka, don tsohon iri ne, ba a san wanda zai tashi ba. Kwana biyu ta koma.

Kaɗan ne suka fito, amma sun fito da ƙarfi. Rahamatu ba ta yi wasa da su ba, wannan kam a faɗa mata. Tana ba su ruwa kafin ta bai wa ɗan Ingila. Ba ta taɓa tsinkar ganye ɗaya ta sa a miya ba, ko da bakinta na so. Da damina ta doshi ƙarshe sun kai ƙirjinta, suka fara fure: fari mai ɗan rawaya, da duhu a tsakiya kamar ido. Da hantsi yake buɗewa, kafin azahar ya naɗe.

Da a ce da yamma matan ma'aikata suke taronsu na ɗinki, da babu abin da zai faru. Amma da hantsin Asabar suke yi, kuma wannan Asabar ɗin a gidan Rahamatu ya faɗo.

Shugabarsu Hajiya Turai ce, matar shugaban ofishin su Malam Hadi. Tana da haƙorin Makka, kuma tana da irin dariyar da ke nuna shi. Ta sha gaya wa mutane cewa ita 'yar cikin birnin Kano ce, ba ta iya bambance gero da dawa ba sai an yi tuwo. Bayan an sha lemon kwalba an ci biskit, ta ce a fita a ga lambu.

Suka bi layi, Hajiya a gaba.

"Wannan ɗan Ingila ne, ina da shi. Ɗan Indiya, nawa ya fi wannan ninki. Safiyatu, wannan fa?"

Safiyatu, matar malamin asibiti, ta ce ɗan Misira. Aka yaba mata.

Suka zo ƙarshen layi. Aka tsaya. Furannin sun buɗe sosai, kamar sun san ana kallo.

"Wannan kuma fa, Rahamatu?" in ji Hajiya Turai. "Ban san shi ba."

Kalmar tana kan harshen Rahamatu. Ba doguwa ba ce. Amma ta dubi takalman matan, ta dubi jakunkunansu, ta ji yadda za a ce an je gidan Malam Hadi an tarar da kayan miya a cikin fulawa.

"Haibiskas ne shi ma," ta ce. "Ɗan Jamus."

"Jamus," in ji Hajiya, a hankali.

"Shi ya sa," in ji Safiyatu. "Da gani."

Wata ta ce ta taɓa ganin irinsa a Kaduna, a gidan wani Bature. Wata ta ce shi ba ya son zafi, shi ya sa yake rufewa da rana, don can ƙasarsu sanyi ne. Rahamatu ta gyaɗa kai. Har ta fara jin daɗi.

"To ai ba ke kaɗai za ki mallaki Jamus ba," in ji Hajiya Turai. Ta buɗe jakar ɗinki ta ciro almakashi. "Reshe ake yanka, ko ba haka ba?"

Nan ne Rahamatu ta ga ramin da ta haƙa. Haibiskas reshe ake yanka. Yakuwa iri ake jira. In ta ce a bari ya ƙulla 'ya'ya, ta faɗi sunansa ke nan, don duk kwatas ba wanda ya taɓa jiran 'ya'yan fulawa.

"Hajiya, bai yi ƙwari ba tukuna."

"Rowa ce dai."

"Wallahi ba rowa ba ce."

"To matsa."

Hajiya ta kama wanda ya fi girma, ta datse shi can ƙasa, wai don ya fi saurin kamawa. Taron ɗinki ne, kowace mace da almakashinta. Kuma ba wadda za ta yarda a ce gidan wance akwai ɗan Jamus, nata babu. Rahamatu tana tsaye tana riƙe musu jakunkuna. Har ta shiga ta ɗebo tsohuwar jarida ta jiƙa, aka naɗe gindin rassan.

Da suka tafi, abin da ya rage kututtura ne, gajeru kamar turakun awaki.

Malam Hadi ya dawo ya ji labari, ya ce ai wannan abin alfahari ne, matar shugaba ta roƙi abu a gidansu. Sai ya ga fuskarta, ya tuna na surukarsa ne, ya shige ɗaki ya kunna rediyo.

Ta yi ta ba kututturan ruwa, safe da yamma. Wasu suka fitar da 'yan ganye ƙanana, ta yi murna. Amma lokacinsu ya riga ya wuce, damina ta ɗauke, ganyen suka yi rawaya suka zube, ba fure ko ɗaya.

Sai ta yafa mayafi ta fara bin gidaje, wai ziyara. Ko reshe ɗaya ya kama, ko da ƙwallo ɗaya a jikinsa, ya isa. A gidan Safiyatu ta tarar da shi a gwangwanin madara, ya bushe ƙayau. Wata ta ce mai shara ya zubar. Wata ta ce ƙasar nan ba ta karɓe shi ba, kin san kayan Turai.

Gidan Hajiya Turai ta bari ƙarshe. Ta same ta a bayan gida, ba ɗankwalin fita, zaune a kan tabarma tana tsince wake.

"Hajiya, ɗan Jamus ɗin nan... ya kama kuwa?"

Hajiya ta ci gaba da tsintar wake.

"Na yi fate da shi."

Rahamatu ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ran nan da yamma na yi," in ji Hajiya. "Rabona da farar yakuwa irin wannan tun ina yarinya a ƙauyenmu, Maruta. Tun daga bakin ƙofarku na gane ta. Ba irin ta Zandam ba ce?"

"Kin gane?"

"Wa bai gane ba? Safiyatu ubanta rama da yakuwa yake nomawa a Basirka har gobe."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Hajiya?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba? Gidanki ne." Ta hure ƙaiƙayi daga tafinta. "Na ɗauka kina da iri a ɗaki. Wa ke shuka duka?"

Rahamatu ta gaya mata. Hajiya ta daina tsintar waken. Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da ɗan busasshen ganye a cikin kwano.

"Ragowar ce, na shanya. Tafi da ita."

Inna Barira ta zo bayan an yanke gero, da tsumman nan na ƙulli, an wanke shi fes. Ko ruwa ba ta sha ba ta zaga ƙarshen layi. Ta tsaya a kan kututturan.

"Awaki?"

"Baƙi, Inna."

"Baƙi suka cinye ta ɗanya?"

Rahamatu ta faɗa mata yadda aka yi, har da Jamus. Ta so a yi mata faɗa. Inna ba ta yi ba. Ta durƙusa ta tona gindin kowane kututture da yatsa, ko wani irin da bai tashi ba yana nan kwance. Ta tona har inda ɗan Misira ya fara. Sannan ta karkaɗe hannunta.

Da rana Rahamatu ta yi miya da ganyen da Hajiya ta ba ta. Bai isa tukunya ba, sai ɗan kwano. Inna ta ci a hankali. Da ta kusa gamawa ta tura wa 'yarta kwanon.

"Ci. Ki riƙe ɗanɗanon, ko 'ya'yanki za su tambaya."

Washegari da za ta tafi tasha, ta tsaya a gaban ɗan Ingila. Ya yi fure jajur, ya cika reshe. Ta tsinki ganye ɗaya ta tauna, kamar yadda ake gwada kowane ganye a Zandam. Ta tofar.

"Yauƙi kawai. Shi wannan me ake yi da shi?"

"Kallo, Inna."

Inna ta kalle shi, ta ba shi haƙƙinsa. Sannan ta ninke tsumman, ta ɗaure shi a bakin zane yadda ta zo da shi, ta ce su tafi kada mota ta cika.