Allon Gwaggo

"Mama, idan likita ya sa ni barci ban farka ba, harafi biyu sun isa a buɗe mini ƙofar sama?"

Ina kan keken ɗinki lokacin, ina kalmasa bakin rigar da za ta saka a asibiti. Shekarar 'yata shida, ranar Alhamis kuma za a yi mata aiki a maƙogwaro. Na ɗauke ƙafata daga keken na ce ta sake faɗa.

Da ƙyar na tatsi zancen. Ashe a ajin yara na majami'armu akwai wani allo da malamarsu ta rataye, ta rubuta Littafin Rai a samansa, sunan kowane yaro a ƙasa da alli. In ka yi laifi sai ta goge harafi ɗaya. Ranar da sunanka ya ƙare, Yesu bai san ka ba. 'Yata ta yi surutu, ta mintsini wata, ta manta ayar haddace sau biyu. Saura mata biyu. Kwana goma ke nan tana ture abinci, ni kuwa ina ɗora laifin a kan maƙogwaron.

Malamar nan ba baƙuwa ba ce. Yayar mijina ce, Gwaggon 'yata, wadda ta fara yi mata wanka ranar da na haife ta.

Mijina ya ce in bari a gama da asibiti, Yaya ba ta nufin sharri. Na ce na sani, amma yarinyar da za ta kwanta gaban likita ba ta san haka ba. Washegari Lahadi, ana fitowa daga sujada, na kama hannunta muka nufi ajin.

Yaya tana tattara kujerun roba, yara bakwai ko takwas suna jiran iyayensu. Ga allon kusa da taga. Na ga sunan ɗan mai gyaran babur saura harafi ɗaya, yaron kuwa yana zaune a ƙarshen benci bai ko ɗaga kai ba.

Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na tambaye ta a wace aya aka ba ta alli da tsumma. Ta yi dariya, ta ce amaryarmu ta zama fasto ke nan ba a gayyace su naɗi ba. Wai yaran yanzu in ba tsoro ba sa ji, tun da ta kawo allon ajinta ya yi tsit, har iyaye suna yi mata godiya.

Na ce mata tsit ɗin nan na san shi, a gidana yake kwana. Na ce Littafi Mai Tsarki da ni da ita muke karantawa ya nuna ceto kyautar Allah ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. Yesu da bakinsa ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Ɓarawon da aka gicciye tare da shi, wace aya ya haddace?

"To, sai su yi ta iskanci tunda an cece su?" in ji ta.

"Yaya, in ta yi mintsini ki hore ta, ni ma zan ƙara mata a gida. Amma jinin da ya saye ta ba naki ba ne."

Na ɗauki tsumman, na tsoma a bokitin wanke hannu, na goge allon tun daga sama har ƙasa. 'Yata ta ƙwala ihu, ta riƙe zanena, a ganinta na hallaka ajin gaba ɗaya. Na durƙusa na nuna mata ruwan allin da ke gangarowa a bango. Na ce ta duba da kyau, wannan katako ne da kafinta ya yanka, ni ma na iya goge shi. Na tambaye ta ko ta gaskata Yesu ya mutu dominta. Ta gyaɗa kai. Na ce to shi ke riƙe da ita, ko tana farke ko tana barci, ranar da ta yi kirki da ranar da ta yi mintsini.

Ɗan mai gyaran babur ne ya fara tambaya ko shi ma haka. Na ce shi ma.

Da rana 'yata ta cinye kwanonta har ta nemi ƙari. Ranar Alhamis da aka tura gadonta, ni ce na yi kuka, ita tana ɗaga mini hannu. Ta farka lafiya. Yaya ta zo dubiya da fulas ɗin shayi, ta yi wa yarinyar addu'a, ba ta kalle ni ba. Zan ba ta haƙuri kan ɗaga murya gaban yara. Kan allon ba zan bayar ba.

Ke da kike karanta wannan, kar ki tsaya a bakin ƙofar ajin kina jin daɗin shiru. Shiga ki ga abin da ke rataye a bango. Kai kuma da aka ba ka yara ka koyar, kar ka kuskura ka tsoratar da su da abin da Yesu ya riga ya biya. Mai su zai tambaye ka.