Katako a Kan Kulochi

"Ku sake takawa, Baba. Har ƙasa."

Yahaya yana kwance a ƙarƙashin a-kori-kurar, idonsa a kan ƙarfen da ke tura kulochi. Malam Baffa ya taka. Ƙarfen ya je rabi ya tsaya, giya ta ɗaya ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Katangarsu ɗaya a Sharaɗa, kuma tun da Yahaya ya buɗe gareji babu mai taɓa motar nan sai shi. Da ita tsohon yake kwaso fatu daga wani kamfanin jima a Challawa. Kwana huɗu ke nan, in ji shi, giya ba ta shiga sai da faɗa, in ya tsaya a danja kuma sai motar ta riƙa rarrafe da kanta.

Yahaya ya bi komai daki-daki. Mai a cike, babu yoyo. Ya fitar da iska, ko kumfa bai gani ba. Sai ya ce Baba ya sauko, ya hau da kansa ya taka. Giya ta shige sumul, har ribas.

"Munafuka," in ji Malam Baffa yana dariya. "Ta ga likita ta warke."

A nan ne Yahaya ya lura da layin da silifas ɗin Baba na hagu ya ja a ƙasa, daga ƙofar mota zuwa benci. Ya roƙi tsohon ya sake hawa, shi kuma ya tsuguna yana kallon ƙafar. Tana rawa, ta tsaya saura yatsa uku ta kai ƙasa, mai ita kuwa yana rantsuwa ta kai.

"Baba, motar lafiyarta ƙalau. Ƙafarku ce."

Dariyar ta ɗauke. Malam Baffa ya waiwaya, ya rage murya. Ya ce gajiya ce kawai, kuma in manajan kamfanin ya ji, gobe wani za a ba lodin. Zai je a auna shi in an kwana biyu.

"Kai dai yi mata dabara, Injiniya. Mu lallaɓa."

Mu lallaɓa. Maganar da ta binne mutane da yawa a unguwar nan. Yahaya ya tsane ta. Ya sha korar direbobin da ke son a lallaɓa musu birki. Ya kuma san abin da mutuwar ƙafa ɗaya take nufi, haka ta fara wa kawunsa. Asibiti tafiyar minti goma ce a adaidaita. Amma ya ji nauyin jayayya da dattijo, sai ya yanko katako mai kaurin yatsa uku ya ɗaure da waya a kan fedar kulochin, inda ake takawa. Giya ta shiga. Baba ya tafi yana sa masa albarka.

Ranar Laraba da hantsi Malam Baffa ya faɗi a ƙofar kamfanin yana saukowa daga mota. Bai sake magana ba. Hawan jini ne da ya jima yana sallama, in ji likita. Ranar Juma'a ya cika, aka kai shi makwancinsa.

Da Yahaya ya shiga yi wa Atika, matar marigayin, ta'aziyya, ita ce ta riga shi da godiya.

"Na dame shi a kan ƙafar nan ya je asibiti," ta ce daga bayan labule. "Sai ya ce ka duba, laifin mota ne, ka gyara. Wallahi sai da na ji sunanka hankalina ya kwanta. Allah ya saka maka."

Yahaya ya ce amin.

Bayan addu'ar uku aka tura shi Challawa ya ɗauko motar. Tana nan a gindin katanga, warin fata ya cika ta, carbi na rataye a madubi. Ya zauna, ya kai ƙafa, katakon ya tare shi tun kafin ya shirya. Ya zaro filaya daga aljihu ya sunkuya.

Gefen katakon kaɗai ne ya yi baƙi, wurin da ƙafar ta riƙa zamewa. Ya daɗe yana kallon wurin, filayar a hannunsa, wayar kuwa tana nan daram yadda ya murɗe ta.