Haihuwar Ɗaya ga Janairu

Laifin wa ne, wanda ya cike gurbi da ƙarya ko wanda ya gaskata ta? Har yau babu wanda ya amsa mini. Muttaka dai yana tsaye gaban kwamfuta a wani ƙaramin asibiti a unguwar Klémat, Dakta Ilham tana buga takarda a kan tebur.

"An gaya wa mai lafiya yana da ciwon hanta, an sallami mai ciwon. Aikinka ne."

"Ke kika ce in haɗa jadawalin, Dakta."

Rumbun bayanai biyu ne a asibitin, ɗaya a wurin karɓar marasa lafiya, ɗaya a ɗakin gwaji, kowanne da irin lambobinsa. Muttaka ya haɗa su da suna da ranar haihuwa. Sai dai dattawan unguwar, jikokin mahajjatan da suka yada zango a nan, ba su san ranar haihuwarsu ba. Akawu yakan rubuta wa kowa ɗaya ga Janairu. Abdulgani Idi biyu ne, duka 1958. Sakamakon wannan ya hau kan wancan.

"Mai ciwon ba ya ɗaga waya," in ji ta. "A unguwar Moursal yake. Ka je ka nemo shi."

"Ba ni zuwa. Ki aiki wanda ya haife su rana ɗaya. Sau uku ina roƙon a ba kowa lamba guda, kuka ce ɓata lokaci ne. Yanzu ni zan shiga gidan mutum in ce masa lafiyar da aka ba shi ta wani ce?"

Ƙofa ta buɗe. Abdulgani mai lafiyar ne, mai sayar da takalma, wanda aka kira da safe aka gaya masa kuskure aka yi. Ya zazzage ledar magani a gaban Muttaka.

"Kai ne mai na'urar?"

"Ni ne, Baba."

"Sati uku ina haɗiyar wannan. Na raba wa 'ya'yana shago, na nemi gafarar mutanen da ban so ba. Wannan na bar ka da Allah. Amma ni na sha maganinsa. Shi me yake sha?"

Muttaka ya dubi layin nan biyu a allon kwamfuta, suna ɗaya, rana ɗaya.

Ya kwafe adireshin mai ciwon a bayan hannunsa, ya fita ya tsayar da mai babur.