Igiyar Lawali

Mode ya danna filafili cikin ruwa ya rage gudun kwalekwalen. Mashigin a toshe yake. Tun da ambaliyar bara ta cinye gaɓar gulbin Rima ta wannan ɓangaren, wurin da za a sauke mutum ƙafarsa a bushe bai fi tsawon tabarma uku ba, sauran duk taɓo ne. Yau kuwa wani jirgin inji mai rumfar tamfol ya kwanta a gicciye ya cinye wurin kaf, kamar mai shi ya gaji gulbin daga kakansa.

Matarsa Atika tana zaune a tsakiyar kwalekwalen, ta ɗora ƙafarta ta dama a kan kwando, naɗe da bandeji. Ciwon suga ya buɗe mata gyambo a diddige. Likitan da ke duba irinsa a asibiti ranar Talata irin ta yau kaɗai yake zama, ƙarfe tara ake rufe ba da kati. A zuwansu na baya ya faɗa musu ba kwana-kwana: kada ruwa ya taɓa wurin, kada kuma su tsallake mako, in ba haka ba maganar yankewa za a yi.

Mode ya ɗaga murya ya kira mai shayin da ke bisa gaɓa. "Garba! Jirgin wa na wanga?"

"Na Lawali na, Baba. Ɗiyan wani Alhaji na Gawon Nama yak kawo shan iska. Sun hau gada ɗaukar hoto."

"Kira min shi."

Garba ya latsa waya. Sai ga kiɗan wayar Lawali yana tashi daga ƙarƙashin kujerar jirgin.

Atika ta dubi turken da aka ɗaure jirgin, ta dubi mijinta. "Malam, ga igiyar nan kusa da hannunka. Kwance ka tura shi baya kaɗan."

"Ba a kwance igiyar wani."

"To mu bi ta cikinai mu hita."

"Ba a taka jirgin wani sai da izini nai. Kin sani, Atika."

Ta sani, mana. Shekara arba'in tana jin wannan karatu. A mashigin nan wanda ya sauke kaya yakan ja baya ya bar wa na bayansa wuri, wanda ya tarar da jirgi a ɗaure kuma sai ya jira mai shi. Mode ne ma ya taɓa tsayawa kai da fata sai da aka hana wani matuƙi ɗaurewa a nan har mako guda, saboda ya kwance igiyar da ba tasa ba. Wanda ya yi wannan, da wane ido zai kai hannu turken Lawali, ga Garba yana kallo, ga masunta biyu suna gyaran koma?

Ya jira. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka fara sauka a kan bandejin. Atika ta shiga kore su da gefen zanenta. Da Garba ya ce takwas da rabi ta gota, Mode ya ja kwalekwalen gefen taɓo, ya naɗe wando ya dira. Ruwan ya kai masa ƙugu.

"Hau bayana. Ɗaga ƙahwar sama."

Tsoho ne, ita ma ba yarinya ba. Ya yi taku huɗu lafiya. A na biyar laka ta riƙe masa ƙafa, ya durƙusa, ya ji ta ja numfashi a bayan kunnensa. Kafin masuntan su kamo su, bandejin ya koma kalar gulbi.

Suna zaune a bencin Garba, tara ta wuce da kwata, sai ga Lawali ya gangaro, samari da 'yan mata biye da shi suna duba hotuna suna dariya. Ya ga tsohon jiƙe sharkaf, ya ga ƙafar, ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Baba, mi yah hwaru?"

"Ka tare mashigi ka tahi," in ji Mode. "Haka anka koya maka?"

"Ai zarge na nay yi, ban ƙulle ba." Lawali ya kama bakin igiyar da yatsa biyu ya ja sau ɗaya, ta zame daga turken. "Haka muka yi yanzu, Baba. Duk wanda yaz zo ya ture shi ya shiga. Kowa ya sani."

Mode ya juya ya dubi Garba. Garba ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ba shi da datti. Ashe kowa ya sani, girmansa ne ya hana a faɗa masa.

Atika ta matse gefen zanenta, ruwa ya tsiyaye. Ba ta dubi mijinta ba.

"Lawali."

"Na'am, Inna."

"Talata mai zuwa, in da sauran ƙahwar, kai za ka zo ka ɗauke ni."