Sunan da Ya Faɗi Daga Addu'ar Juma'a

Shekara huɗu Sirin ta yi ba ta sa manhajar hira ta wani babban kamfani, wadda kowa ke amfani da ita, a wayarta ba. A jami'ar Tunis an yi mata dariya har an gaji. Ta rasa sanarwar jarrabawa, ta rasa bikin ƙawaye biyu, ko gezau. Ra'ayinta ɗaya ne: manhajar da aka hana ka leƙa cikinta, aka hana ka gyara ta, ba taka ba ce, kai ne nata.

Ranar da ta je gida a garin Mahdiyya, suna cin kuskus da kifi, yayanta Haisam ya kunna saƙon muryar da kakarsu Mbarka ke turawa zauren dangi na manhajar kowace Juma'a da hantsi. Tsohuwa na jero jikoki ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Sirin ta ƙirga goma sha shida. Babu ita.

"Kaka, ni fa? Ko tsinto ni aka yi?"

"Ke kika ɓace, uwar taurin kai," in ji Mbarka tana zare ƙaya. "Ni ba karatu na iya ba. Hotunan nan nake bi da yatsa, wanda na gani in ambace shi. Ke ko ƙeyarki ban gani ba."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka yi mini aikin ido," in ji tsohuwa.

Haisam ya tuntsire da dariya. "Shugabar 'yanci, shekara uku kina yawo ba albarka!"

Sirin ba ta kula shi ba. Ta jawo kujera kusa da kakarta, ta ce za ta sa mata wata manhaja mai 'yanci, wadda kowa ke iya duba yadda aka ƙera ta.

"Su wa ke ciki?"

"Ni."

"Ke kaɗai? To in yi addu'a sau biyu ke nan, ɗaya ta mutane, ɗaya ta sarauniya?" Mbarka ta goge hannu, ta gyara zama, don abin ya fara ba ta sha'awa. "Tsaya ma. Muryar tawa in na tura, ina take kwana?"

"A injinan kamfani, can ƙetare. Sun san wa kika yi wa magana, da yaushe, da inda kike zaune."

"Ikon Allah. Suna cewa amin?"

"Kaka, da gaske nake."

"Ni ma. To wayar da kike kira na da ita ranar salla, kin leƙa cikin nata kamfanin?"

Sirin ta sha kayar da malamai a muhawara, amma wannan tambayar ta bi ta har mota. Ina iyakar take? In ta shiga, ta ƙara wa kamfani mutum ɗaya, ta sa fita ta ƙara yi wa na baya wuya. In ta ƙi, kamfani bai ma san an yi ba, tsohuwa ce kawai za ta ci gaba da tsallake ta.

Kwana biyar tana juya maganar. Ranar Alhamis ta tono wata tsohuwar waya, ta share ta tas, ta sa manhajar kamfanin ita kaɗai, ta shiga zauren dangi. Sai aka zo wurin hoto. Fuskarta kam ba za su samu ba. Ta ɗage gashi, ta ɗauki kunnenta na hagu, fato-fato irin na gidansu.

Washegari ta kunna wayar tana tsaye a bakin ɗakin karatu. Muryar kakarta ta bi sunaye har sha shida, sai ta tsaya. Aka ji numfashi, aka ji tsohuwa ta matso da wayar.

"Wannan faifan kunnen kuma... Sirin ce, ja'ira. Allah ya yi miki albarka, ya sassauta wannan kai naki. Kaɗan dai, kada duka."

Sirin ta ce amin a fili, har wani ɗalibi ya waiwayo.