Lurun da Ya Yi Kore a Idon Sahabi

A kasuwar Batsari, shekarar da naira ta fito, Sahabi, wani masaƙi daga garin Wagini, ya ƙulla ciniki da Hamma, wani Bafulatanin Ruma. Sahabi zai saƙa luru, wato babban mayafi, mai ratsin fari da baƙi zalla, Hamma zai ba da rago. Matar Sahabi, Zuwairatu, ta kusa sauka, ragon suna yake nema.

Ya gama lurun ya naɗe, ya hau aikin da Armaya'u dillali ya kawo masa: zane mai ratsin baƙi da ja, jan zaren kantin nan mai ɗaukar ido. Kwana da kwanaki idonsa na kan ratsin nan, daga hantsi har la'asar.

Jajiberin kasuwa ya warware lurun ya duba. Farin ratsin ya yi kore-kore kamar gansakuka. Ya juya shi a gicciye, fari tas. Ya mai da shi tsaye, koren ya dawo.

"Zuwairatu, zo ki gani."

"Malam, ai fari ne kamar nono."

"Ke ciki ya rufe miki ido."

Ya wanke, ya shanya, koren na nan.

Washegari a kasuwa Hamma ya shafa lurun yana murmushi. Sahabi ya kasa haɗiye maganar.

"Tsakani da Allah, Hamma, yana da aibi. Ta nan kore ne, ta can fari."

Hamma ya jujjuya, ya ɗaga a rana, bai ga komai ba. Ya ja da baya.

"Kaɗo, ban taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa ba. Abin da kake gani ni ba na gani, ba zan lulluɓa da shi a daji ba." Ya ja ragonsa.

Armaya'u na gefe yana ji. Ya ba Sahabi 'yar akuya ramammiya ya karɓi lurun, ya tari Hamma a kasuwar Safana, ya ce saƙar Kano ce. Hamma ya miƙa rago.

Da akuyar aka yi suna. Bayan idon Sahabi ya huta da kallon jan ratsin nan, ya hangi Hamma a kasuwa da lurun a kafaɗa, fari fat ta kowane gefe. Ya murza ido, ya rasa wa zai tambaya. Bai san jan ratsin da ya daɗe yana kallo ne ya bar masa kore a ido ba.

Armaya'u ya ci rago, Hamma ya samu mayafi, Sahabi ya tashi da akuya da ciwon kai.