Ina Rabona a Rumbun Sanyi?

Malamin kwamitin shari'a, kai ka cuce ni. Ba ɗan ƙanwata dillalin hannun jari ba, shi baki kawai gare shi. Sa hannunka na bi.

Shekara talatin ina ɗinki har idona ya fara hazo. Da na sayar da kekunana uku da shagon, na rantse kuɗin nan ba zai taɓa kuɗin ruwa ba. Sai ɗan ƙanwata ya zo da wata takarda, ya zauna a bakin gadona.

"Inna, wannan sukuk ne. Ba bashi za ki bayar ba. Rumbun sanyi na ajiye kaya za ku saya, ke da sauran jama'a, kamfani ya karɓi haya, a riƙa ba ki rabonki."

Na ce, "Gini na gaske? Mai bango?"

"Har da mai gadi, Inna. Ga hatimin malam nan."

Ban iya karatu ba, amma na san haya. Na dangwala.

Duk wata sai na hau mota na je duba abina. Mai gadin har ya saba, yana hango ni zai ce, "Ga uwar gida mai gini!" Na taɓa ganin indararo yana zuba a bangon baya, na tsaya a kansu sai da aka gyara. Dariya suke yi mini, ashe sun fi ni sani.

Shekara biyu haya na zuwa, sai ta tsaya cak. Na je na tarar da sabon kwaɗo, sabon fenti, sabon mai gadi da bai san ni ba. Wai kamfanin ya karye, masu binsa bashi sun sayar da rumbun.

A ofis ɗan ƙanwata ya kasa kallona, sai juya biro yake.

"Inna, amfanin ginin kuka saya. Sunan ginin bai taɓa fita daga hannun kamfani ba. Yana shafi na tamanin da huɗu."

"Kai ka karanta mini shafi na tamanin da huɗu, ɗan nema?"



Shi ne na hau bene na same ka, malam, a ɗaki mai sanyi kamar rumbun. Ko wurin zama ba ka nuna mini ba. Ka ce, "Baiwar Allah, wanda ya yarda da riba dole ya yarda da asara. Ki yi haƙuri."

Na yarda da asara! Da wuta ce ta cinye rumbun, wallahi da na ce ƙaddara, na koma ɗakin 'yata na ja bakina. Amma ginin yana tsaye. Jiya na wuce, motoci na sauke kaya, wani na karɓar haya. Ta yaya abina zai ƙone a takarda alhali yana nan a ƙasa?

In saye na yi, wa ya sayar da kayana ban sani ba? In kuma ban sayi komai ba, to hayar me na ci shekara biyu? Bashi na bayar ke nan ana ƙara mini a kai, abin da nake gudu tun farko. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Da kuɗin hayar nan na ciyar da jikokina.

Gobe ina ƙofar ofishinka da tabarmata. Ka fito gaban mutane ka faɗa mini wanne ne a cikin biyun, da bakinka.